Keke Zuwa Gindin Kufena, Ƙafa Zuwa Ƙololuwarsa



'Yan uwana matasa, duk shekara idan hunturu ya kama, da yawa daga cikinmu mukan ɗauki sanyi tamkar wata takardar izini ta kwanciya. Ana idar da sallar asuba sai a koma cikin bargo, waya a hannu, har rana ta take. Ni ra'ayina shi ne wannan lokaci, daga Disamba zuwa ƙarshen Janairu, shi ne mafi dacewa a duk shekara da mutum ya hau keke ya nufi dutse, ya ajiye keken a gindinsa, ya ƙarasa sama da ƙafa. Zan kafa hujja da dutsen da na fi sani, wato Kufena, wanda yake yamma da birnin Zariya, kusa da Wusasa.

Da farko, me ya sa sai a haɗa keke da tafiyar ƙafa? Saboda kowanne yana da iyakarsa. Wanda ya taka da ƙafa tun daga cikin gari, kafin ya isa gindin dutse ya gaji, rana kuma ta yi. Wanda ya hau babur ko mota, zai isa da jiki a sandare, gwiwoyi ba su ɗumama ba, ga hawa a gabansa. Keke kuwa yana cinye tazarar cikin ɗan lokaci, yana kuma ɗumama cinyoyi sannu a hankali. Idan aka zo inda dutse ya miƙe, aikin keke ya ƙare, sai ƙafa ta karɓa. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarinta na shekarar 2020, ta ce baligi yana buƙatar motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a mako. Fita ɗaya irin wannan a safiyar Asabar tana ɗauke kaso mai tsoka daga ciki, ba tare da an biya kowa ko kwabo ba.

To me ya sa sai da hunturu? Da damina dutse yana da santsi, ciyawa ta rufe hanya, mutum ba ya ganin inda yake sa ƙafa. Da bazara kuwa, kafin hantsi dutsen ya ɗauki zafin da tafin hannu ba ya iya jurewa. Amma da hunturu ciyawa ta bushe, dutse ya kama takalmi sosai, iska kuma tana rage wahalar hawa. Ga shiru. Dutsen Dala na Kano yana tsakiyar gidaje da hayaniya, Kufena kuwa gonaki ne da ƙananan ƙauyuka a kewayensa, har da kufan tsohuwar ganuwa, domin masana tarihi suna lissafa shi tare da Turunku cikin tsofaffin matsugunan mutanen Zazzau. Matashin da ya kwana ya wuni cikin ƙarar saƙonni yana buƙatar sa'a guda a irin wannan wuri, inda ba ya jin komai sai iska da numfashinsa.

Sai dai ba zan ɓoye muku ba, sanyin nan yana da tarko, kuma ni na taɓa faɗawa ciki. Wata safiya na sa rigar sanyi mai kauri a kan rigar auduga, na taka feda da ƙarfi don in kori ɗari. Kafin in isa na jiƙe sharkaf da gumi. Ina hawa ban ji komai ba, amma da na zauna a sama, jaura ta buge ni, sai haƙorana suka fara haɗuwa, yatsuna suka ƙi ɗaure igiyar takalmi. Dalilin kuwa a fili yake: iskar hunturu busasshiya ce, tana busar da gumi da sauri, tana tafiya da ɗumin jiki, auduga kuma tana riƙe danshi a jikin fata. Tun daga ranar na koyi sa riguna marasa nauyi biyu ko uku, in cire ɗaya da zarar jiki ya ɗumama, in kuma riƙe busasshiyar riga a jaka don in canza a sama.

Akwai masu cewa fita cikin hazo ganganci ne. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. Ƙurar da iskar arewa maso gabas take kwasowa daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, tana rage gani a hanya, tana kuma tayar wa masu asma ciwonsu. Amsar ita ce a zaɓi rana. Idan buji ya yi kauri, a haƙura. Mai ciwon ƙirji ya nemi shawarar likita tukuna. Kada a fita sai gari ya waye sarai, a sa riga mai haske don direbobi su hango, a duba birki da kaca tun daren jiya, a ɗauki famfo da kayan faci saboda ƙaya. A riƙe ruwa ko da ba a jin ƙishirwa, da ɗan dabino ko gyaɗa, da man shafawa saboda fashewar leɓe.

Abu na ƙarshe, kuma mafi muhimmanci: kada a tafi shi kaɗai. A tafi mutum uku ko huɗu, a sanar da iyaye inda za a je da lokacin dawowa, a kuma tambayi halin tsaron yankin kafin a tashi. Idan an isa, a yi wa mutanen ƙauye sallama, a nemi izinin ajiye kekuna a wurinsu, kada a ratsa gonar kowa, kada a bar leda ko roba a kan dutse. Gaisuwa mai kyau ta fi kowane kwado tsare keke.

Ya ɗan'uwa, wannan Asabar ɗin ka share ƙurar kekenka, ka kira abokanka biyu. Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya ba mu lafiya mai amfani, ya kai mu ya dawo da mu lafiya.