BA KOWACE SAGEWAR YATSU CE "SANYI" BA

Lokacin da na je hutu gida Kafanchan na ga wani abu da ya sa na ɗauki alƙalami. Gwaggona na daga cikin matan da ke tsaga citta a lokacin kaka, sana'ar da aka san Kudancin Kaduna da ita, musamman Kachia da Kwoi. Tun safe wuƙa na hannunta har yamma. Da dare kuwa sai ta farka tana yarfa hannu, wai yatsunta sun mutu. Kowa a gida ya ce sanyi ne. Aka sha jiƙo, aka shafa man zafi, har allura ta fara gagarar ta ɗauka.

Da muka je asibiti, likita ya tambaye ta: "Mama, waɗanne yatsu ne?" Ta nuna babban yatsa da manuni da na tsakiya. Nan take ya ce wata jijiya ce da ke ratsa wuyan hannu ta matse, saboda yawan maimaita aiki iri ɗaya. Ya ba ta abin ɗaure wuyan hannu da dare, ya ce ta riƙa hutar da hannun. Cikin 'yan makonni ta samu barci.

A ganina, kalmar "sanyi" ta zame mana buhun da muke zuba kowane ciwo a ciki. Alhali kuwa sagewar yatsu saƙo ce daga jijiya, kuma dalilanta suna da yawa. Idan ƙaramin yatsa ne da na kusa da shi, galibi jijiyar gwiwar hannu ce ta danne, ko kuma matsalar daga ƙashin wuya take. Idan ta faro daga yatsun ƙafa biyu sannan ta hauro hannaye, ana zargin ciwon suga, ko ƙarancin bitamin B12, ko yawan shan barasa. Maganin tarin fuka mai suna isoniazid ma kan jawo ta, shi ya sa ake haɗa shi da bitamin B6. Haka nan Farfesa Benjamin Osuntokun na Jami'ar Ibadan ya danganta wata lalurar jijiya da yawan cin rogon da ba a jiƙa shi sosai ba.

Wadda ta fi tayar mini da hankali ita ce kuturta. Takan fara ne da wani tabo mai haske a fata wanda ba ya jin taɓi, sai sagewar yatsu ta biyo baya. Ba cutar ce ke gutsure yatsu ba. Rashin jin zafi ne ke sa mutum ya ƙone ko ya yanke bai sani ba, har miki ya ci yatsan. Tun 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da haɗin magungunan da ke warkar da ita cikin wata 6 zuwa 12, kuma tun 1995 kyauta ake bayar da su. Ga cibiyar horar da ma'aikatan tarin fuka da kuturta nan a Saye, kusa da Zariya. Ashe jinkiri ne ke naƙasa mutane.

Idan kuwa sagewar ta zo farat ɗaya a ɓarin jiki guda, baki ya karkace, magana ta sarƙe, to shanyewar ɓarin jiki ce ake tsoro. A garzaya asibiti a lokacin, kada a jira gari ya waye.

To, ina ruwan ɗalibin harshe? Ruwanmu da tsaki. A Kafanchan, Bajju da Atyap da Ham da Fulani sukan kai kukansu ga ma'aikacin lafiya da Hausa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai da kalma zai nuna wurin. Ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai mu tattara kalmomin da jama'a ke bayyana irin wannan ciwo da su, mu bambance sagewa da tsira da raɗaɗi da rashin ƙarfi, mu rubuta su cikin sauƙi don amfanin asibitoci da gidajen rediyo. Wanda ke neman batun kundin digiri, ga shi nan a ƙofar gida.