Mai Koyon Fatsa Ya Fara Da Tana Kafin Kifin Roba

Ga bazara ta kama, rumbu ya fara yin ƙasa, aikin gona kuwa bai wuce shara da kai taki ba. A irin wannan lokaci ne manoma da yawa na bakin gulabe da madatsun ruwa su kan ɗauki fatsa su nufi ruwa don a sami na miya, in abin ya yi auki kuma a kai kasuwa. Har 'yan kasuwa da akawuna ma su kan fita ran hutu su gwada sa'arsu. Wannan abu ne mai kyau, gama kifi abinci ne mai gina jiki, ga shi nama ya yi tsada. Amma akwai wata ɗabi'a da ta fara shiga masu koyo, wadda ya kamata a yi magana a kanta tun ba ta yi nisa ba. Watau mutum bai taɓa kama ko 'yar karfasa ba, sai ya sayar da buhun masara ya sayo kayan fatsa na ƙasashen waje da kifayen roba masu walƙiya, yana tsammani su za su yi masa aikin. Ya wuni cikin rana, ya komo gida ba ko ɗaya, sa'an nan ya ɗora wa kaya laifi.

Shi dai kifin roban nan, da ɗan ƙarfen nan mai kama da cokali, ba abin banza ba ne. A Amurka suka fi yawa, inda akwai wani kifi mai faɗin baki da su ke kira bas, wanda mutane ke kamawa don nishaɗi. Mafarauci ne, ƙananan kifi da kwaɗi ya ke ci, saboda haka da ya ga abu yana wutsil-wutsil sai ya kai masa cafka. Tanar roba ma can aka fara yin ta, a jihar Ohayo, a 1949. Shi kuwa kifin ƙaryan nan da ya yi suna a duniya, watau Rapala, wani matalaucin masunci ne na ƙasar Finlan, Lauri Rapala, ya sassaƙa shi a 1936 da ɓawon wani itace marar nauyi, ya lulluɓe shi da takarda mai ƙyalli. Kafin ya sa wuƙa, ya daɗe yana zama cikin jirginsa yana kallon ruwa, har ya gane babban kifi ya fi bin ƙaramin da ya ji rauni, wanda ke tafe yana tangaɗi. Wannan tangaɗin shi ya kwaikwaya. Ashe shi kansa mai kayan da ido ya fara.

To, tambaya ta fari ga mai koyo ita ce, wane kifi ke cikin ruwan da zai je? Ba kowane kifi ke bin abin ƙarya ba. Giwan ruwa da tsage su ne masu farauta da ido, su kifin roba ke ruɗa. Tarwaɗa da ramboshi da ragon ruwa da kurungu kuwa da gashin bakinsu su ke lalube a ƙasan ruwa, wari su ke bi, galibi da dare. Karfasa bakinta ƙarami ne, gansakuka da ciyayi ta fi ci. Wanda ya jefa cokali mai ƙyalli cikin kududdufi mai taɓo, inda ba kowa sai tarwaɗa, ya ɓata wuninsa, don ba kasafai ta kan kula da abin da ba shi da wari ba.

Saboda haka abincin ƙugiya na asali shi ya kamata mai koyo ya fara da shi. Tana ita ce gaba, kusan kowane kifi yana cinta. Gaskiya ne da bazara ƙasa ta kan bushe tana ta yi wuya, amma a kan same ta a lambu, da bakin rijiya, da gindin ayaba, da duk inda ruwa ke kwanciya. Hanjin kaza da ɗan kwaɗo su na jawo tarwaɗa. Fara da gara su na da kyau, ɗan dunƙulen tuwo da aka murza da dusa kuma ya ishi karfasa. Giwan ruwa kuwa ba abin da ya fi masa ɗan kifi mai rai, kamar kawara ko 'yar karfasa, a soka ƙugiya ta bayansa yadda ba zai mutu da wuri ba.

Ƙugiya ma da lura. Masu koyo su kan zaɓi babba don su na mafarkin babban kifi, alhali ƙaramar ƙugiya ta kan kama babban kifi, babba kuwa ba ta shiga bakin ƙarami. A ƙugiyoyin da aka saba sayarwa, yadda lamba ta ƙara yawa haka ƙugiya ke ƙara ƙanƙanta, sai mai saye ya lura kada ya yi baya biyu. In tsage a ke nema, a ɗaura siririyar waya kamar taƙi guda tsakanin ƙugiya da zare, in ba haka ba haƙoransa za su datse zaren nan take.

Sai maganar zafi, wadda ita ce ke ba masu koyo kashi da bazara. Kifi da iskar da ke narke cikin ruwa ya ke numfashi, ruwa kuwa in ya yi zafi iskar nan ta kan ragu. Ruwan da zafinsa ya kai digiri 30, iskar da zai iya riƙewa ta kasa ta mai digiri 20 da wajen kashi ɗaya cikin shida. Tarwaɗa ba ruwanta, tana da wata gaɓa a ka da ta ke shaƙar iska daga sama, shi ya sa ta kan rayu cikin taɓo. Giwan ruwa ba haka ya ke ba, ruwa mai iska ya ke so. In rana ta take, kifi ya kan bar bakin gaɓa ya koma gurbi, ko inuwar itatuwa, ko gindin duwatsu, ko inda ruwa ke gudu. Lokacin cinsa daga asuba ne zuwa hantsi, sai kuma daga la'asar sakaliya zuwa dare. Wanda ya ga lalle sai ya yi fatsa da tsakar rana, ya sa 'yar darma ta nutsar da ƙugiya. Amma zurfin ma da iyaka. A manyan tafkuna irin na Kainji, wanda aka gama madatsarsa a 1968, ruwan can ƙasa ya kan rasa iska a watannin zafi, kifi ba ya zama a ciki. Irin shawarar da a ke ba masu koyon kama bas a Amurka ke nan lokacin zafinsu, sai dai suna ya bambanta.

Masu son kifin roba su na da tasu hujja, ba kuwa za a raina ta ba. Su kan ce ba ya ruɓewa, ba sai an yi tonon tana ba, kuma a sa'a guda mutum ya iya lalube ruwa mai faɗi da shi. Su kan kawo misalin tafkin Nasser na Masar, inda baƙi ke jan kifayen ƙarya a bayan jirgi su na kama manyan giwayen ruwa, inda kuma a shekarar 2000 aka kama wani da fatsa mai nauyin kilo 104. Duk gaskiya ne. Amma waɗancan da jirgi mai inji su ke fita, tare da 'yan jagora da suka san kowane dutse na tafkin. A Argungu, inda a ke bikin su tun 1934, kifin da ya ci gasar 2020 kilo 78 ne, da homa da gora kuwa a ke shiga Matan Fada. Har wa yau kifin roba ba ya aiki sai da sanda mai keken naɗe zare, ga shi wuraren da kifi ke fakewa su ne wuraren da ƙugiya ke maƙalewa. In tana ta maƙale an yi hasarar ƙugiya guda, in kifin roba ne kuwa kuɗin cefanen kwanaki ya tafi.

Wanda ya yi bazara guda da tana, ya san gurabe, ya kuma tabbata akwai giwan ruwa ko tsage a wurin, to ya iya saye. Biyu ko uku sun isa: cokali guda, da kifin roba mai nutso, da mai tafiya a saman ruwa don sassafe. A ruwa mai tsabta a sa mai launin azurfa, a gurɓatacce a sa mai launi mai ƙarfi. A jefa shi gaba da dutsen ko kututturen, a riƙa ja a hankali a na ɗan tsayawa, don galibi a tsayawar nan kifi ke kai cafka.

Babban abin tsoro ga wannan al'amari shi ne abin da gajen haƙuri ke haifarwa. Wanda ya kashe kuɗi bai kama kome ba, shi ne ya kan juya ga gidan sauro, ko magimfa, ko maganin ƙwari irin Gammalin, don ya mai da hasararsa. Dokar kamun kifi ta cikin ƙasa ta 1992 ta hana guba da nakiya a ruwayen Nijeriya. Guba ba ta zaɓe, ta kan kashe manya da 'ya'ya, a lokacin da kifaye da yawa ke ɗauke da ƙwai su na jiran ruwan damina. Ruwan nan kuwa shi shanu ke sha, shi mata ke ɗiba, shi a ke ba lambu.

Saboda haka mai koyo ya fara zuwa ya gai da Sarkin Ruwa ya nemi izini, ya zauna da Sarkawa ya yi tambaya, su za su nuna masa gurbi, su gaya masa inda kada da dorina su ke. Kada ya riƙa tsayawa cikin ruwan kwance, don gudun tsargiya. Ƙaramin kifin da bai isa miya ba ya mai da shi ruwa. 'Yan kasuwa masu sayar da kayan nan su kuma su riƙa tambayar mai saye inda za shi kafin su miƙa masa, gama wanda ya kama kifi shi ne zai komo sayen zare baɗi. Buhun masarar nan kuwa a bar shi a rumbu, damina na tafe, iyali za su nemi tuwo.