Birkin da ke nutsewa ba na lallaɓawa ba ne

Iyaye da malamai, mukan tambayi kuɗin motar da ke kai ƴaƴanmu makaranta, amma ba ma tambayar lafiyar birkinta. Idan kun ga direba yana taka birki sau biyu ko uku kafin mota ta tsaya, kada ku ɗauka gwaninta ce. Birkin ne ke mutuwa.

Gwajin ba shi da wuya. A kashe mota, a taka birki a riƙe. Idan ƙafa tana nutsewa a hankali har ƙasa, a duba robar man birki. In man ya ragu, akwai yoyo a bututu ko a cikin ƙafafun mota. In bai ragu ba, galibi robobin babban famfon birki ne suka cinye, man yana zillewa ta ciki. In kuwa birkin ya yi laushi kamar soso, iska ce ta shiga, sai makanike ya fitar da ita.

Ƙara mai kullum ba gyara ba ne, zuba ruwan sabulu kuwa ganganci ne. Man birki, DOT 3 ko DOT 4, yana shan laima, yana iya tafasa idan birki ya yi zafi, shi ya sa ake sauya shi kusan duk shekara 2.

Direba zai ce gyara da tsada. Gaskiya ne. To a tara kuɗin tare, amma motar ta kwana a gareji kafin ta sake ɗaukar yaro ko ɗaya.