SORAZ: kashi 40 namu ne, to mabuɗin fa?

'Yan uwa matasa, in aka taɓo maganar matatar mai ta SORAZ, hayaniyar duk a kan kashi take: CNPC ta ƙasar Sin 60, Nijar 40. Ni dai a wurina wannan lissafin takarda ne.

Matatar nan ta Ollelewa, cikin gundumar Tanut, da aka buɗe a Nuwamban 2011 don tace ganga 20,000 a rana, ba da hannu ake juya ta ba. A irin wannan masana'anta na'urori ke auna zafi da matsin mai a kowace tukunya, su aika wa manyan kwamfutocin da ake kira saba, waɗanda ake rarrabawa wuri-wuri don in ɗaya ta mutu wata ta karɓa nan take. Rezo ke haɗa su. Wanda ya riƙe taswirar wannan rezo da kalmomin sirrinta, shi ne mai matata, ko da kashinsa sifiri ne.

Kada ku ce zancen boko ne. A Mayun 2021, ɓarayin intanet sun shiga kwamfutocin ofishin Colonial Pipeline a Amurka da tsohuwar kalmar sirri guda ɗaya, kamfanin ya rufe bututunsa kwanaki, mutane suka bi layin esans. Mu ma mun san layi, mun sha shi a Maris 2025. A Iran kuwa, ƙwayar Stuxnet ta lalata injinan Natanz alhali ba a haɗe suke da intanet ba.

A wannan Maris ɗin ne gwamnati ta kori manyan Sinawa uku na kamfanonin mai, aka yi ta tafi. Madalla. Amma korar darekta abu ne mai sauƙi, jirgi ɗaya ya ishe shi. Karɓar ilimin da ke cikin ɗakin sarrafawa shi ne aikin, kuma ba a yin sa da sanarwar talabijin.

Don haka muna tambayar hukuma, a fili. An raba rezon injina da na ofis inda ake buɗe saƙonni? Wayar da ke haɗa sabobin hanya biyu gare ta, ko ɗaya ce da tsinkewarta zai makantar da kowa? Ana iya shiga tsarin daga wajen ƙasa, kuma da izinin wa? In kuran ya ɗauke cikin zafin Afrilu, ko ƙurar Damargu ta toshe na'urar sanyaya ɗaki, ina kwafin bayanan yake, kuma da wane harshe aka rubuta shi?

Bututun kilomita 462 ya taso daga Agadem ya sauka a ƙasarmu, amma yaron Tanut ko na Belbeji yakan ƙare a gadi ko tuƙi. A ɗauko ɗaliban Jami'ar André Salifou ta Damagaram, a zaunar da su gaban waɗannan kwamfutoci, a rubuta a yarjejeniya shekarar da za su karɓi mabuɗin, a karanta mana ita a rediyo.