SHARHI: Bindigar aljihu na tsufa a Kebbi, doka kuma ta rufe ƙofar gyaranta

Tun bayan harin da Lakurawa suka kai garin Mera na Ƙaramar Hukumar Augie a Nuwamban 2024, inda aka kashe mutum 15 daga cikin waɗanda suka bi sawun shanun da aka kora, maganar kare kai ta sake tasowa a Masarautar Argungu da Birnin Kebbi. Muhawarar ta tsaya kan ko ya dace talaka ya riƙe makami. Ba a cika tambayar halin da makaman da suka riga suka shiga hannun jama'a suke ciki ba.

Bindiga ƙarfe ce, ƙarfe kuma yana gajiya. Ɗan kasuwar da ke zaune a unguwar Nasarawa a Birnin Kebbi, wanda ya shekara biyar ko goma yana ɗauke da ƙaramar bindiga a aljihun riga saboda tafiye-tafiyen cin kasuwa, yana ɗauke ne da abin da yanayi ke ci kullum. Da hunturu ƙura ke shiga ko'ina. Da bazara gumi ke jiƙa aljihu, gishirinsa kuma abokin tsatsa ne. Da damina laimar fadamar Rima ta ƙarasa aikin, har ta taɓa harsashin da ya daɗe a ajiye. Irin wannan makami yakan ƙi tashi ranar da ake buƙatarsa, ko ya tashi ranar da ba a nufa ba, a cikin gida, kusa da yara.

A ƙasashen da doka ta halatta riƙe fistol, kamar Amurka, mai ita yakan kai ta wurin ƙwararre mai rajista. A Najeriya wannan hanya a toshe take tun daga tushe. Dokar Bindigogi ta 1959 ta kasa makamai gida uku. Bindigar toka da ake ɗurawa ta baki, ta mafarauta, tana ƙarƙashin Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Bindigar farauta ta zamani tana buƙatar lasisin Sufeto Janar. Fistol da libarba kuwa dokar ta jera su ne tare da bindigogin yaƙi a rukunin haramtattu, waɗanda Shugaban Ƙasa kaɗai ke da ikon ba da izinin riƙe su. Dokar ta kuma hana ƙera bindiga ko gyara ta sai a rumbun makaman gwamnati ko da izini na musamman. Wanda aka kama da makami ba lasisi na iya fuskantar ɗaurin shekara 10.

Ko ƙofar lasisin ma an yi ta ƙuntata ta. A Agustan 2023 Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya ce an dakatar da bayar da lasisin ƙananan makamai. Kafin nan, a Yunin 2022, da Gwamna Bello Matawalle na Zamfara ya umarci jama'a su nemi bindiga, Kwamishinan 'Yan Sandan jihar ya ce takunkumin lasisi na nan daram, Babban Hafsan Tsaro Janar Lucky Irabor kuma ya ce gwamna ba shi da wannan iko. Aminu Bello Masari ya yi irin wannan kira a Katsina a 2021. Gwamnoni sun ce a tashi a kare kai, doka ta ce wanda ya tashi mai laifi ne, aka bar talaka a tsakiya.

To ina makamin da ya lalace yake zuwa? Ba zai je ofishin 'yan sanda ba, domin kai shi can kai kai ne. Maƙera yake nufa, da dare, a ɓoye. Nan ne gizo ke saƙa. Maƙerin da ya saba da garma da lauje, idan ya kwance bindiga ya mayar sau goma, ya koyi yadda aka yi ta, kuma daga gyara zuwa ƙira taki ɗaya ne. Shi ya sa bindigogi ƙirar gida ba sa rabuwa da teburin da 'yan sanda ke baje kolin kayan da suka kama a Arewa maso Yamma. Maƙerin da ke yi wa ɗan banga gyara ba shi da hanyar tantance wanda zai ƙwanƙwasa masa ƙofa gobe.

Wannan ba hujja ba ce ta a saki fistol ga kowa. Abin da ya faru a yankin Sakaba a Maris 2022, inda 'yan bindiga suka yi wa 'yan sa-kai kwanton ɓauna suka kashe sama da 60, ya nuna iyakar ƙaramin makami a gaban masu AK-47. Bindigar aljihu ba ta tare hari a ƙauye. Kwanciyar hankali take ba mai ita, wani lokaci ma na ƙarya. Amma kau da kai da hukumomi ke yi, kamar makaman ba su wanzu, shi ma bai rage ko ɗaya daga cikinsu ba.

Akwai abin da ba ya buƙatar sabuwar doka. Kwamishinan 'Yan Sanda na da hurumi kan bindigogin toka da mafarauta da 'yan banga ke riƙe da su a fili, don haka ana iya ƙidaya su, a yi wa masu gyaransu rajista ta hannun sarakunan maƙera da masarautun Gwandu, Argungu, Yauri da Zuru. Cibiyar taƙaita yaɗuwar ƙananan makamai da aka kafa a 2021, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa dokarta hannu a 2024, na iya buɗe hanyar miƙa haramtaccen makami ba tare da tuhuma ba. Mutumin da bindigarsa ta yi tsatsa, ya kuma fara tsoron ta fiye da ɓarawo, shi ne ya fi sauƙin rabuwa da ita, in ya tabbata ba gidan yari zai kwana ba.

A yanzu dai, tsofaffin bindigogin da ake kula da su a bainar jama'a a yankin su ne na Gidan Tarihi na Kanta da ke Argungu, waɗanda aka ajiye tare da masu da takubban mayaƙan Kabi.