Ɓarakar Labari a Finafinan Hausa

Tun fitowar Turmin Danya a Kano a 1990, finafinan Hausa suka bunƙasa, har irin su Sangaya da Wasila suka shiga gida-gida. Sai dai sau da yawa fim mai kyau kan zo da ɓaraka a zubin labarinsa: matalauci ya kuɗance dare ɗaya, ba sana'a ba gado, ko muguwar kishiya ta tuba ba dalili. Tsofaffin ma'aikatan masaƙar KTL ta Kakuri a Kaduna, wadda aka rufe a 2002, sun san tsinkewar zare ɗaya kan ɓata yadi. Haka labari yake. Wajibi ne marubuci ya ƙulla kowane sakamako da sanadinsa, domin mai kallon da aka raina wa hankali ba ya karɓar darasin fim.