Gitar bas a cikin kilip: inda gani ya kori ji

Ranar 1 ga watan Agusta na shekarar 1981 aka buɗe tashar telebijin ta MTV a ƙasar Amurka, wadda a wancan lokaci ba ta da wani aiki sai nuna kilip na mawaƙa dare da rana. Tun daga ranar, makaɗin da ba shi da abin nuna wa ido ya shiga uku, ko da kuwa hannunsa ya fi na kowa. Wanda abin ya fi shafa a cikin orkes shi ne mai kaɗa gitar bas, wato gitar nan mai dogon wuya da tsirkiya huɗu masu kauri, wadda muryarta ke can ƙasa kamar ta tambari.

Dalilin ba boyayye ba ne. Tsirkiyar bas mafi kauri tana girgiza sau 41 kacal a sakan guda, kuma irin wannan sauti ƙirji ya fi kunne jin sa. Sai babbar lasifika ke iya fitar da shi. Ƙaramar telebijin ta jiya da salular yau duk ba su iyawa, sai dai su kawo ɗan abin da ke bisa. Saboda haka mai kallon kilip yana ganin mai bas yana aiki tuƙuru, gumi na zuba, amma rabin aikin bai iso masa ba. Masu kiɗan rok mai tsauri, wanda Turawa ke ce wa had-rok, sun gane haka da wuri, sai suka mayar da bas ɗin allon talla. Yau yawancinsu sun haura shekara saba'in, wasu sun rasu, amma hotunan kayan kiɗansu na nan suna jawo ciniki.

Misalin da ya fi fitowa fili shi ne na ZZ Top, mutum uku daga jihar Texas waɗanda suka zauna tare tun 1970 ba tare da canja kowa ba, har mai bas ɗinsu Dusty Hill ya rasu a watan Yuli na 2021 yana da shekara 72. Biyu daga cikinsu gemu gare su har ƙirji. Na ukun, mai ganga, wanda sunansa Beard ke nufin gemu da Ingilishi, shi ne bai ajiye ba. A kilip ɗin waƙarsu mai suna Legs, na 1984, Hill da Billy Gibbons sun fito riƙe da gitar da bas waɗanda aka lulluɓe da farin gashin tunkiya, an ɗaura su a ƙugu bisa wani ƙarfe da ke ba su damar juyawa kamar fanka. Kilip ɗin ya ci kyautar MTV a wannan shekara, faifan Eliminator da waƙar ke ciki kuma ya wuce miliyon 10 a Amurka kaɗai. To amma injiniyan da ya ɗauki faifan, Terry Manning, ya faɗa daga baya cewa a cikin mutum ukun Gibbons kaɗai ake ji a waƙar, sauran kuwa, har da sautin bas da na ganga, na'ura ce ta yi su. Bas mai gashin tunkiya da duniya ta haddace bai yi ko ƙwal a cikin waƙar da ta sa ya yi suna ba.

Kada mai karatu ya ɗauka zamba ce ta musamman. Haka ake yin kilip ko'ina: ana sakin faifan da aka riga aka gama a sitidiyo, makaɗa na bin sa da hannu da baki, sau da yawa ma ba a jona wayar gitar da komai ba. Mai ɗaukar hoto ne ke zaɓen abin da zai yi kyau a ido. Abin da aka kaɗa a sitidiyo kuwa galibi tsohon kaya ne da fenti ya koɗe, wanda mai shi ba ya son a taɓa masa.

A shekarar 1984 ɗin dai, a kilip ɗin Panama na ƙungiyar Van Halen, Michael Anthony ya fito da bas mai siffar kwalbar barasar Jack Daniel's, abin da ba kowane gida zai so yaro ya rataya a wuya ba. Siffar ta bi shi har tsufa. Amma shi da bakinsa ya ce a faifan Van Halen III na 1998 waƙa uku kawai ya kaɗa, sauran Eddie Van Halen ne ya ɗauki bas ya yi da kansa. A 2006 aka maye gurbinsa da ɗan Eddie, Wolfgang, mai shekara 15. Na Metallica ya fi ban tausayi. A kilip ɗinsu na farko, na waƙar One, wanda ya fito a 1989, ana ganin Jason Newsted ƙarara yana dukan tsirkiya, alhali a faifan da waƙar ta fito ciki a 1988 an danne sautinsa ƙwarai, har da babbar lasifika da ƙyar ake jin sa.

Akwai kuma waɗanda abin da aka gani a hannunsu shi ne abin da aka ji, kuma su ne suka cancanci a tsaya kansu. Steve Harris, wanda ya kafa Iron Maiden a birnin Landan a 1975, ya yi shekaru da dama da bas guda ɗaya ƙirar Fender Precision. Mai bin kilip ɗinsu zai zaci yana da su birjik, domin an gan shi da baƙi, an gan shi da shuɗi mai walƙiya, daga baya da fari mai tambarin kulob ɗin ƙwallo na West Ham. Itacen ɗaya ne, fenti ake canjawa. Ita wannan ƙira Leo Fender ya fito da ita a 1951 a Kalifoniya, domin ta hutar da makaɗa daga dakon babbar bas ta katako wadda ta kai tsayin mutum, kuma har yau siffarta ba ta canja sosai ba. Sautin Harris mai kama da sukuwar doki daga yatsunsa biyu yake fitowa, da tsirkiya masu santsi da yake saka sababbi kafin kowane wasa. A 2025 ƙungiyar ta fita rangadin cika shekara 50.

Lemmy na Motörhead, wanda aka haifa a 1945, shi ma haka. Asalinsa mai gitar ne, ya taɓa yi wa Jimi Hendrix dakon kaya, bai kuma kama bas ba sai da ya shiga ƙungiyar Hawkwind. Sai ya ci gaba da dukan ta kamar gitar, tsirkiya biyu ko uku a lokaci guda, ya buɗe ampili ƙirar Marshall har sauti ya tsage. Bas ɗinsa Rickenbacker ce, kuma kamfanin ya ƙera 'yan ƙalilan masu sassaƙen ganye da sunansa, waɗanda masu tara kaya ke rububi. Ya yi wasansa na ƙarshe a Berlin ranar 11 ga Disamba 2015, ya rasu ranar 28 ga watan, kwana huɗu bayan ya cika shekara 70. Wanda ya sayi irin bas ɗinsa ya jona ta da ƙaramar ampili ba zai ji Lemmy ba.

A nan maganar ta shafi ɗan kasuwa mai shigo da kaya, da ma'aikacin da aka ɗora wa sayen kayan kiɗa na gidan matasa. Kamfanoni sun san cewa yaro hoto yake saye, shi ya sa suke fitar da samfuri mai sunan tsohon makaɗi su ƙara masa kuɗi. Masu kwaikwayo ma sun sani. Tun 1982 Fender ya buɗe reshe mai araha mai suna Squier a Japan don ya tare masu kwafin kayansa, daga baya kwafin ya koma fitowa daga wasu ƙasashen Asiya. Siffa da fenti ba su da wuyar kwaikwayo. Abin dubawa shi ne ko wuyan bas ɗin miƙaƙƙe ne, ko ƙarfen da ke cikinsa na gyaran lanƙwasa yana aiki, ko maɗauran tsirkiya suna riƙewa, domin itacen da bai bushe ba ba ya jure zafin Yamai da iskar hunturu. Har su kansu tsofaffin sun mayar da abin raha: Elwood Francis, mai gyaran gitar da ya gaji Hill a ZZ Top, ya hau dandali a 2022 da wata rawayar bas mai tsirkiya 17, kwafin Sin mai araha da aka gano a intanet, hotonta kuma ya zagaye duniya fiye da duk abin da ya kaɗa.

Kallo yana da amfaninsa ga mai duban yatsu. Mdou Moctar, haifaffen jihar Tawa, wanda ya haɗa gitarsa ta farko da wayar birkin keke, ya faɗa cewa ya kalli bidiyon Eddie Van Halen ya ga yadda yake buga tsirkiya da kan yatsa a bisa wuyan gitar, ya ɗauki abin ya juya shi irin nasa.

Wanda ya kai cinikin hoto maƙura shi ne Gene Simmons na Kiss, haifaffen 1949, mai bas mai siffar gatari tun ƙarshen shekarun 1970. Ya daɗe yana sayar wa masoya bas ɗin da ya riƙe a dandali, da sa hannunsa, kan dubban daloli. Kiss ta rufe rangadinta na bankwana a Madison Square Garden na birnin New York ranar 2 ga Disamba 2023, kuma a daren aka nuna wa jama'a surorin mutum huɗun da kwamfuta ta ƙera, waɗanda aka ce za su ci gaba da wasa a madadinsu. A watan Afrilu na 2024 wani kamfanin ƙasar Suwidin mai suna Pophouse ya saye waƙoƙinsu da sunansu da zanen fuskokinsu, kan kuɗin da jaridu suka ce sun haura dalar Amurka miliyon 300, kimanin miliyar 180 na sefa a canjin lokacin.